Hannun da Ya Tsaya

A unguwar Suginami, hawa na uku,
inda wucewar jirgin ƙasa ke girgiza kofin shayi,
shekara talatin da ɗaya na yi ina zana hannuwa.
Wasu fuska ake ba su, wasu gajimare.
Ni, Chizuru, hannu ne rabona.

Sekimori muka raɗa masa:
mutum-mutumin ƙarfe, ya ɗara bene bakwai,
idonsa ɗaya, ja kamar garwashi.
Maƙeransa suka ce,
"Tsare madatsar nan, kada kowa ya buɗe ta."
Suka mutu ba su janye maganar ba.
Shekara ɗari yana tsaye,
shinkafa na ƙonewa a kwari,
rijiyoyi sun koma ramuka.
Wanda ya zo da guga ya koma da ƙishinsa,
wanda ya zo da gatari bai koma ba.

Jiya jikata Tomoe, 'yar shekara takwas,
ta tsayar da fim ɗin,
ta juyo da romon taliya a haɓarta:
"Kaka, shi mugu ne?"

Na ce, ya rushe gada da mutane a kanta.
Ta ce, "Ai cewa aka yi ya tsare."
Na ce, wuƙa ma ba ta ƙin kowa,
amma ba a kwantar da ita kusa da jariri.
Ta ce, "Wuƙa ba ta tsayawa.
Shi ya tsaya. Duba."

Ta mayar da hoton baya.
Ga kwalekwalen yarinyar, ƙanƙane kamar ɓawon gyaɗa,
ga hannun nan bisa kanta,
yatsu biyar, tsatsa a kowace gaɓa.
Ni na zana tsatsar, na san ta.
Hannun ya tsaya.
Daƙiƙa ɗaya da rabi.

Me zan ce mata?
Daren da aka yi wurin nan ƙanƙara na sauka,
zazzaɓi na cin ƙashina,
darakta Hatakeyama ya duba agogonsa
ya ce lokaci bai cika ba, kuɗi kuma sun ƙare.
Sai na miƙa zane ɗaya tak,
na ce a ɗauke shi sau talatin da shida.
Ba tausayi ba ne. Ciko ne.
Irin tsumman da ake cusa wa ƙofa don iska.

Amma wasiƙu suka yi ta zuwa.
Malamai suka yi gardama a jaridu:
wannan ya ce nadama ce, wancan ya ce auna saiti yake.
Wani tsohon gandiroba daga Hokkaido
ya aiko layi biyu da fensir:
"Na san wannan daƙiƙar.
Na yi shekara ashirin a cikinta."
Ban ba shi amsa ba.
Wasiƙar na nan cikin gwangwanin maɓallai.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Zane dubu huɗu ne a gabana ran nan.
Da na so, da na daskarar da gajimare,
ko tsuntsu, ko igiyar ruwa.
Me ya kai yatsana kan wannan?

Mahaifina ma haka hannunsa ke yi.
Yakan tsaya a sama,
har in ƙirga layukan tafinsa,
in ga tabon da injin casa ya bar masa,
sannan ya sauko.
Da safe shi ke ɗaure mini igiyar takalmi.
Har aka ƙona gawarsa ban yanke masa hukunci ba.

Tomoe na jira, sandunan cin abinci a tsaye.
Na ce, ci taliyarki, tana hucewa.
Ta danna maɓalli.
Hannun ya sauko, kamar kullum,
kwalekwalen ya tarwatse.
Ta ce, "Gobe mu sake kallo,
wataƙila ya ƙara jimawa."